Ƙanwata injiniya take son zama, Baffa ya ce ba aikin mata ba ne

Abba_Ringim:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen malaman makaranta da iyayenmu mata da ke cikin zauren nan. Ƙanwata ce ta gama aji uku na ƙaramar sakandare za ta shiga SS1, ita kuma tun tana firamare Allah ya ɗora mata son kwance-kwancen kayan wuta, duk tocilar da ta mutu a gidanmu ita ake miƙa wa, ko fitilar solar Inna da ta daina caji ita ta buɗe ta gano wayar da ta tsinke ta haɗa da kanta. Yanzu ta ce ajin kimiyya za ta shiga kuma injiniyan lantarki take so ta karanta. To mahaifinmu ya rasu, Baffanmu ne ke riƙe da mu, ya ce shi bai hana kimiyya ba amma sai dai in nas za ta zama ko ungozoma, shi bai taɓa ganin mace a kan falwaya ba kuma ba daga gidansa za a fara ba. Abin da ya fi ƙona min rai wani malaminsu ma ce mata ya yi fiziks da lissafi mai zurfi kan maza ne ke ɗauka, kada ta wahalar da kanta. Tun ranar jikin yarinyar nan ya yi sanyi. Tambayata biyu ce, wai da gaske ne mata ba sa iya wannan fannin ko dai mu ne muke kashe musu sha'awar tun suna ƙanana? Sannan ta wace hanya zan tunkari Baffa ba tare da ya ga na yi masa rashin kunya ba?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah sarki, Allah ya yi mata albarka. Wlh maganar malamin nan ta fi ta Baffa ciwo, shi Baffa bai sani ba ne, shi kuwa malami ai ya sani.

Dan_Kura:
Ni dai gsky ina bayan Baffa, kuma ba don ina ganin mata ba su da ƙwaƙwalwa ba. Mu duba inda muke. Matata da za ta haihu muka je asibitin garinmu cikin dare, ba ma'aikaciya mace ko ɗaya, namiji ne ya karɓi haihuwar, har yau in ta tuna sai ranta ya ɓaci. Mata nawa ne ke ƙin zuwa awo saboda haka? To in Allah ya ba mu yarinya mai kai, ina laifin a tura ta inda al'umma ta fi buƙatarta? Ga shi injiniyanci shekara 5 ne a jami'a in ma ba a shiga yajin aiki ba, ga bautar ƙasa, sannan aikin duk a daji ne cikin maza leburori. Wane miji ne a ƙauye zai yarda matarsa ta kwana a wajen aiki? Mu faɗa wa kanmu gaskiya.

Malam_Sabo:
Abba ka kwantar da hankalinka, na daɗe ina koyar da fiziks a makarantar jeka-ka-dawo ta ƙauye, bari in faɗa maka abin da nake gani da idona. Maganar wai kan mace ba ya ɗaukar lissafi ba ta da tushe, a takardar jarrabawa ba ka iya gane wannan aikin mace ne wannan na namiji sai ka duba suna. Inda bambancin yake fitowa shi ne ranar gwaji. In na raba su rukuni-rukuni na ajiye batir da wayoyi da mita, kafin in juya yaran maza sun wawashe kayan, su ke haɗawa su ke kunnawa, sai ka ga an miƙa wa yarinya biro da takarda an ce ke ki riƙa rubuta mana lambobin tunda rubutunki ya fi kyau. Haka za ta gama shekara uku ba ta taɓa haɗa waya da hannunta ba, in WAEC ta zo aka ajiye mata kayan ita kaɗai sai hannunta ya kama rawa, sai a ce ka gani ai mata ba sa iyawa. Ni yanzu rukunin mata daban nake warewa, ko kuma in ce yau mace ce za ta haɗa namiji ya rubuta, kuma wlh cikin zango guda sai ka ga sun sake jiki.
Sannan wani abu da zai sauƙaƙa maka, ba yanzu ne lokacin rigimar ba. Mai son nas da mai son injiniya duk aji ɗaya suke shiga a SS1, fiziks da kemistiri da bayoloji da lissafi da turanci duk za ta yi. Sai a JAMB ne hanya ke rabuwa, mai injiniyanci turanci, lissafi, fiziks da kemistiri zai rubuta, mai nas ko likitanci turanci, bayoloji, kemistiri da fiziks. Tunda Baffa ya yarda da kimiyya to ta shiga kawai, ta riƙe lissafi da kyau, kuna da shekara uku a gaba na lallashi.

Abba_Ringim:
@Malam_Sabo Allah ya saka da alheri Malam, wlh ban san haka tsarin yake ba, ni ɓangaren kasuwanci na yi.

Inj_Hauwa:
Sallama gare ku. Wata ƙawata ce ta ce in leƙo in sa baki tunda aikina ke nan. Ni 'yar ƙauye ce ta wajen Kazaure, difloma na fara yi a foliteknik sannan na samu shiga jami'a kai tsaye aji biyu na karanta injiniyan lantarki, yanzu ina da aure da yara kuma ina aikina. Abu na farko Abba, ka fahimtar da Baffa cikin ladabi cewa hawa falwaya aikin masu jan layi ne, sana'a ce mai daraja amma ba ita ce aikin injiniya ba, injiniyoyi maza ma da yawa ba su taɓa hawa ba. Mafi yawan aikina lissafi ne da zane a kwamfuta da duba aiki in an gama.
@Dan_Kura na ji maganarka kuma Allah ya ba Hajiyarka haƙuri, amma bari in ba ka wani gefen. An taɓa tura mu sa wa wani ƙaramin asibitin ƙauye sola, da muka je ungozomar ta nuna min yadda take karɓar haihuwa da dare, wayarta take kunna wa fitila ta cije ta da haƙori saboda hannayenta biyu suna aiki. Firjin allurar rigakafi kuma ya zama wajen ajiye takardu, alhali alluran nan dole su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, in suka yi zafi sun lalace. Ni na zauna na lissafa wutar da firjin ke ci, da fitilun ɗakin haihuwa, da awa nawa rana ke bayarwa a lokacin damina da hazo, sannan na fitar da yawan faifan sola da girman batir. To ita ungozomar da kake so a samu, in ba wuta ba ruwa yaya za ta yi aikin? Duka biyun muna buƙata.
Ba zan ɓoye muku ba akwai wahala. Sau da yawa in muka je wajen aiki sai a zagaye ni a je a gaida yaron da nake koya wa aiki a ce masa ranka ya daɗe injiniya, ni a ɗauka mai rubuta suna ce. Wani wajen ko banɗakin mata babu. Amma da hijabina nake sa hular kwano, kuma tun kafin aure muka yi magana da maigidana cewa ba na aikin kwana.

Dan_Kura:
@Inj_Hauwa Hajiya na gode da bayani, ke Allah ya haɗa ki da miji mai fahimta, amma irinsa nawa ne? Ni na san wadda ta yi digiri a kemistiri yanzu kwalin yana ƙasan akwati.

Zee_Kazaure:
To ai wadda ta yi nas ma ana hana ta aiki, har ma an fi hana su saboda aikin dare. Matsalar miji ce wannan ba ta kwas ba.

Ustaz_Gumel:
Bismillah. Tunda na san za a kawo maganar addini gara in yi ta tun yanzu. Annabi SAW ya ce neman ilimi farilla ne a kan kowane Musulmi, malamai kuma sun bayyana cewa mace ta shiga ciki. Ilimin sana'o'in da al'umma ba ta iya rayuwa sai da su, irin likitanci da gini da samar da ruwa, farilla ce ta kifaya, in babu masu yi duk gari na da laifi. Babu wani nassi da ya ce wannan fannin na maza ne wancan na mata. Abin da shari'a ta sa ido a kai shi ne sutura, da kaucewa keɓewa da namijin da ba muharrami ba, da haƙƙin miji da 'ya'ya, waɗannan kuma suna kan nas kamar yadda suke kan injiniya. A ƙasar nan tamu Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'yan taru, jajis suna tafiya ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, ba a ce ta saɓa ba. Saboda haka kada mu jingina wa addini abin da al'ada ce. Amma kuma Abba, Baffa uba ne, haƙƙinsa na nan, ba a yi masa gardama a gaban mutane.

Garba_Auyo:
Ustaz an gaishe ka, amma cakuɗar fa? Aji mai maza ɗari mata uku, ai dole sai ta yi aikin rukuni da su har dare.

Ustaz_Gumel:
@Garba_Auyo to ai hana su shiga shi ke sa su zama uku. In sun yi yawa sai su yi rukuninsu.

Bilkisu_Gezawa:
Ni ɗaliba ce ina aji huɗu injiniyan gine-gine da hanyoyi, mu mata a ajinmu ba mu cika yatsun hannu biyu ba, amma ba wanda ke tilasta ki zama har dare, da rana muke haɗuwa a ɗakin karatu. Abba ka ba ƙanwarka labarin Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, a Wangara aka haife ta nan ƙaramar hukumarmu ta Gezawa. Ta yi aure bayan sakandare, sai da ta kai shekara 29 da 'ya'yanta sannan ta shiga jami'a, kuma fiziks ɗin da malamin can ya ce na maza ne shi ta karanta har ta zama farfesa tana bincike kan yanayin sararin samaniya. A 2015 ta samu lambar yabo ta gidauniyar Elsevier ta mata masana kimiyya, a shekarar kuma BBC ta sa ta cikin mata 100 na duniya. Ni wlh labarinta ne ya sa mahaifina ya sauko, da ya ji 'yar Gezawa ce kuma matar aure sai ya yi shiru ya ce to Allah ya sa albarka. Sannan ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya da aka kafa tun 1958, a 2024 mace ta hau shugabancinta karon farko, Margaret Oguntala.

Sadiq_Sola:
Ni sana'ata ke nan haɗa sola, kuma ina roƙon Allah ya kawo mata cikin harkar nan. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa sola yake nema, masu noman rani daga Kura har Hadeja suna ajiye injin fetur suna komawa famfon sola, gidaje ma haka. To matsalar da nake fuskanta kullum, a kira ni inbata ta lalace a gida, in je in tarar maigida ya tafi kasuwa ko yana Legas, gidan kuma ba shiga, sai in koma sai ranar da ya dawo, wani lokacin fis ne kawai ya ƙone matan gida su kwana sati cikin duhu. Da akwai mace mai aikin ai sallama kawai za ta yi ta shige. Wannan kasuwa ce a buɗe ba mai tsayawa a cikinta.

Maman_Ilham:
@Sadiq_Sola wlh ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, mu da muke cikin gida mu muka san wannan.

Nas_Auwalu:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Ana ta maganar mata amma abin nan yana cin maza ma. Ni da na ce zan shiga makarantar koyon aikin jinya abokaina har suna suka sa min, wai na zaɓi aikin mata, kawuna ya ce in ba likita zan zama ba gara in tafi kasuwa. Yau ni kaɗai ne ma'aikacin jinya a yankinmu da maza tsofaffi ke sakin jiki da shi in za a sa musu robar fitsari. Sannan ƙanina shi Hausa da tarihi yake so, yana rubuta waƙa tun yana yaro, aka tilasta shi shiga kimiyya wai namiji ba ya zuwa ajin adabi sai rago, sau biyu yana faɗuwa kemistiri, ƙarshe ya bar karatun gaba ɗaya yana Farm Centre yana gyaran waya. Alhamdulillah yana samu, amma ba abin da ransa ke so ba ke nan.

Garba_Auyo:
Duk wannan zancen ma, ina aikin yake? Ga masu digirin injiniya nan maza suna jan adaidaita a Kano. Nas kuwa ko ba gwamnati za ta buɗe kemis a ƙofar gida. Talaka lissafin abin da zai dawo yake yi, ba sha'awa ba.

Sadiq_Sola:
Wanda ya iya aiki da hannunsa ba ya zama Malam Garba, masu kwali ba aiki su ne ke jan adaidaita. Yarinyar da tun yanzu take gyara fitila ba irinsu ba ce.

Garba_Auyo:
Haba Sadiq, kar ka ɗora wa yaran laifi, wasu sun iya, jari ne babu. Kayan aikin sola kaɗai nawa ne yanzu?

Tsohon_DTofa:
Bari dattijo ya sa baki. Mu ne muka ga farkon makarantun kimiyya na tsohuwar jihar Kano, a 1977 aka buɗe Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, duka na maza, saboda a lokacin likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jiha ƙalilan ne ƙwarai. Kuma ku sani a wancan zamanin mu ma ana cewa ɗan Arewa ba ya iya kimiyya, sai 'yan kudu da Indiyawa. Da aka tara yara aka ba su malamai da ɗakin gwaji da abinci sai ga shi maganar ta mutu, yau ku shiga asibitoci da ma'aikatu ku ga ɗaliban makarantun nan. Daga baya aka buɗe ta mata a Taura, wadda ta faɗo cikin Jigawa da aka raba jiha a 1991, ga ta Jahun, a Kano kuma ga ta Garko. Abin da aka faɗa a kanmu jiya shi ake faɗa a kan 'ya'yanmu mata yau, maganin kuma ɗaya ne. Abba kai da kake Ringim ai Taura maƙwabta ne, ka bincika yadda ake jarrabawar shiga, makarantar mata zalla ce, wannan ma zai kwantar wa Baffa hankali, kuma can ba namijin da zai ƙwace mata waya ya ba ta biro kamar yadda Malam Sabo ya faɗa. In ta gama ba sai ta yi nisa ba, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ga Bayero, ga ta fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura a 2021, ga foliteknik ta Hussaini Adamu a Kazaure.

Hajiya_Yalwa:
'Ya'yana ina ta karanta ku. Ni laifin namu na iyaye mata zan faɗa don ba wanda ya faɗa. Yaro namiji in ya ɗauko karan dawa da gwangwani da tsohon silifa yana ƙera mota sai mu ce kai wannan injiniya ne, mu yi ta nuna wa baƙi. In mace ta matso kusa sai mu ce ke tashi ki ba su waje, je ki goya 'yar tsanarki. In ta taɓa soket mu daka mata tsawa wuta za ta ja ki, shi kuwa namijin mu ce ya duba mana. An taso makaranta shi ya ajiye jaka ya tafi lesin ko ƙwallo, ita ɗebo ruwa, wanke-wanke, raino, wata ma ga farantin talla na jiranta, sai bayan isha'i ta buɗe littafi ido na rufewa. Lissafi kuwa ba a haddace shi, sai an zauna an yi ta yi. To a ina za ta samu zaman? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuma tun suna ɗanyun muke tanƙwara su zuwa inda muka ga dama sannan mu dawo mu ce haka Allah ya halicce su.
Kuma masu cewa mata ba sa son inji su zo su ga masu turara shinkafa da masu matsar man gyaɗa, mace ce za ta ji ƙarar injin markaɗe ta ce maka bel ne ya saki tun kafin mai gyara ya iso.

Malama_Rakiya:
Hajiya Allah ya ƙara girma, abin da kika faɗa masana ma sun gwada shi. Akwai wani bincike da aka wallafa a 1983, an ce wa yara kusan 5,000 yawancinsu a Amurka da Kanada su zana hoton masanin kimiyya, 28 ne kacal suka zana mace, kuma dukkansu yara mata ne. Da shekaru suka ja mata suka yawaita a fannin ana ganinsu a talabijin da littattafai, sai masu zana mace suka haura kashi ɗaya cikin huɗu. Wato yaro abin da ya gani shi yake ɗauka zai yiwu. Ni a firamare nake koyarwa, in na tambayi 'yan aji shida me kuke so ku zama, matan nas ko malama, mazan soja ko injiniya ko likita, ban taɓa jin ya canja ba, saboda macen da suka taɓa gani da albashi a garin nan su biyun nan ne.

Zee_Kazaure:
Kuma masu ganin kamar abin turawa ne, rahoton UNESCO na 2021 ya nuna a Aljeriya kusan rabin masu kammala injiniyanci mata ne, Tunisiya da Maroko ma sun haura kashi 40, Amurka kuwa wajen kashi 20 ne. Ƙasashen Musulmi ne fa suka fi su.

Dan_Kura:
Aljeriya daban ƙauyen Kano daban. Su suna da wuta da mota da tsaro. Ni ban ce haramun ba ne, na ce a duba maslaha.

Abba_Ringim:
Jama'a na gode ƙwarai, na karanta wa Inna wasu daga cikin amsoshin nan jiya da daddare, ita ma yarinyar tana gefe tana ji. Inna ta buɗe min wani abu da ban sani ba, ashe ba falwayar ce kaɗai damuwar Baffa ba, akwai wanda ya fara turo magana a kanta, shi Baffa yana ganin in nas ce shekara uku ta gama ko a ɗakinta ma ta ƙarasa, injiniya kuwa yana jin tsoron ta daɗe har a fara surutu a gari. Ga kuma kuɗi, amfanin gonar bana bai yi auki ba. Ita dai ta ce min Yaya ko makarantar kwana ce zan je in dai akwai ɗakin gwaji. Yanzu shawarar yadda zan shiga wajen Baffa nake jira.

Hajiya_Yalwa:
Kar ka je da kanka ɗana, kuma kar ka je masa da waya a hannu kana cewa an ce a intanet. Kana da gwaggo, yayarsa ko ƙanwarsa da yake jin nauyi? Ita za ka fara samu. In babu, limamin unguwa ko wani amininsa. Kuma a fara da godiya kan riƙon da ya yi muku, riƙon maraya ba wasa ba ne. Abu ɗaya za a roƙa yanzu, a bar ta ta shiga kimiyya ta gama sakandare, kar a ambaci shekara biyar tukuna.

Ustaz_Gumel:
Na goyi bayan Hajiya. In ƙara da cewa shi mai neman auren a sanar da shi burinta tun yanzu, in ya amince a sa shi cikin sharaɗi a gaban waliyyai da shaidu, in bai amince ba kowa ya san inda ya tsaya. Kuma ita ma a ji ta bakinta, ba a aurar da budurwa sai da izininta.

Maman_Ilham:
Ustaz sharaɗin nan sau nawa ake yi a karya? Ana ɗaura aure da wata biyu sai ka ji an ce ciki ya shiga a bari sai ta haihu, shi ke nan an binne maganar. Ni 'yar yayata haka aka yi mata, ita ce ta ɗaya a lissafi a ajinsu.

Inj_Hauwa:
Shi ya sa nake ba da shawarar hanyar foliteknik ga wanda gidansu ke tsoron tsawon lokaci. Difloma shekara 2 ce, ta fito da abin yi a hannunta, in hali ya yi ta ci gaba da babbar difloma ko ta shiga jami'a kai tsaye, ko da auren. Abba in Baffa ya amince ina iya zuwa har gida in gaida shi in na zo ganin iyayena, wani lokacin ganin mutum da ido ya fi dogon bayani. Kafin nan ka saya mata ƙaramar mitar gwada wuta, ba ta da tsada, amma ka ja mata kunne ta tsaya kan kayan batir da ƙananan fitilu, kar ta kusanci wutar NEPA ko inbata sai an koya mata.

Dan_Kura:
To Allah ya zaɓa mata mafi alheri. Ni dai har yanzu in 'yata ce ungozoma zan so ta zama, sai dai in ita ta ƙi da kanta ba zan matsa mata ba.

Nas_Auwalu:
Ai wannan ɗin ma ci gaba ne Malam, da yawa ba a tambayar su.

Garba_Auyo:
Ku duk kuna maganar garuruwan da ke da malamai. Mu nan makarantarmu ajin kimiyyar suna ne kawai, malamin fiziks ɗan bautar ƙasa ne in ya tafi sai a yi zango biyu ba wani, kayan gwaji kuwa sai ana gobe jarrabawa ake aro daga wata makaranta. Maza da mata duk ba wanda ke cin kiredit. @Malam_Sabo ɗana da 'yar ƙanina duka za su shiga SS1 bana kuma ba mu da halin makarantar kwana, akwai abin da za mu iya yi musu a gida ko mu haɗa kuɗi mu iyaye mu ɗauko malami na ranar Asabar?

Malam_Sabo:
Ku haɗa kuɗin, wasu garuruwan haka suke yi ta hannun ƙungiyar iyaye da malamai. Amma ku sa lesin ɗin da safe, in kuka sa shi da yamma matan ba za su zo ba, lokacin girki ne. Ku nawa ne iyayen da za su iya sa hannu?